Ƙullin Haɓar Zanen Baturiya

In ka shiga Agadez kana cigiyar Baturiya, kada ka wahalar da idonka wajen leƙen farar mace. Baƙa ce wuluk, gajera, mai faɗin kafaɗa da muryar da ke tsallake katanga. Ranar da aka haife ta ne ta fito jawur, kakarta ta ɗaga ta sama ta ce, "Ga Baturiya!" Kafin a yaye ta jan ya gudu, sunan ya zauna daram. In an tsokane ta sai ta ce ai hasken yana nan, wanka ne bai kai gare shi ba tukuna.

Aikinta gyaran ɗakuna ne a masaukin Illo, can bayan tsohuwar kasuwa, gidan ƙasa mai faɗin tsakar gida, wanda in ka hau soronsa kake hango hasumiyar babban masallaci. Ta fara aikin da ɗiyarta Ramata goye a baya, ga shi yau Ramata ce ke goyon nata. Shara, wankin zannuwan gado, cika randa, korar ƙadangare daga makewayi, duk ita ce. Illo ne mai gida, ba wanda ya musa, amma kowa a unguwar ya san wadda ake tsoro.

Abin da ya fara fitar da sunanta ya faru ne a zamanin da masu yawon buɗe ido ke cika gari, motocin katkat masu ratsa rairayi na ta kai da komowa zuwa duwatsun Ayar. A makonta na fari ta shiga ɗakin wasu Turawa, mata da miji, da suka yi sallama da safe, sai ga kuɗi a kan matashin kai, takarda ɗaya da 'yan ƙarfuna a bisanta. Baturiya ta dafe ƙirji. "Wayyo, bayin Allah sun yi mantuwa!" Ta dunƙule kuɗin, ta gyara goyo, ta kwasa a guje ko takalmi babu, ta tarar da su a bakin titi ana ɗaure musu kaya. Ba ta jin Faransanci, su ba su jin Hausa. Ta buɗe hannu tana nuna kuɗin tana magana da ƙarfi, don a ganinta duk wanda bai gane ba ƙarin murya yake bukata. Baturen ya dubi matarsa, kunnuwansa suka yi ja, ya zaro wata takarda ya ɗora a kai. Ashe ya zaci raina abin ta yi! Baturiya ta ƙara ɗaga murya tana tura masa hannu, matar ita ma ta buɗe jakarta ta ƙara. Da direbansu bai fito daga ƙarƙashin mota yana riƙe da ciki don dariya ba, wallahi da sai ta tsiyata mutanen nan a bakin titi ba ta sani ba.

Illo ya zaunar da ita a zaure ya yi mata bayani. "Ke Baturiya, al'adarsu ce. Pourboire suke ce masa. Abin da aka aje kan matashin kai naki ne. Na ƙarƙashin gado ko na aljihun wando, shi ne mantuwa."

"Yo wace irin kyauta ce za a yar a ɗaki a gudu kamar an yi sata?" in ji ta. "To wa zan yi wa godiya? Bango?"

Don a wurin Baturiya kyauta tana da hanyarta. A kira ka, a sa maka a hannu, ka karɓa da hannu biyu, ka yi ta godiya har mai bayarwa ya ji nauyi ya ce ya isa. Ta yarda da zancen Illo a kan Turawa kawai, tunda su haka Allah Ya yi su, amma godiyarta ba ta yafe ba. Sai ta ɓullo da dabara. Duk Baturen da ya ɗauko jakarsa zai tafi, ta tare shi a zaure ta zuba masa godiya da addu'a tun ba ta ga abin da ya bari ba. Wanda ya bari ya yi murmushi ya wuce. Wanda bai bar komai ba kuwa, sai ka ga ya dafa aljihu ya koma ɗaki, wai ya manta tabarau.

Duniya ta juya, Turawa suka ɗauke ƙafa, masaukin ya koma na 'yan gida. Illo ya yi ta tsaki, ita ko a jikinta, don waɗannan sun san yadda ake ba mutum abu. Fataken Bilma su kira ta su zuba mata dabino a mayafi, su haɗa da ɗan gishiri. Manoman Tabelot su tula mata albasa har ta gaji da rabo, maƙwabta na ganinta da kwando su fara cewa, "Mun gode, ta jiya ma tana nan." Daga baya masu haƙar zinariya suka cika gari. Wanda ya dawo da sa'a ya cika mata hannu yana fankama, ta bar shi ya yi fankamarsa, ai ya sha rana. Mai tafiya kuwa ba shi da abin bayarwa sai, "Inna, a sa mu a addu'a."

Cikin masu tafiyar ne Salisu ya zo, a shekarar da aka fara rububin zinariyar Jado, can cikin hamada. Saurayi ne siriri daga wajen Tasawa, mai karyayyen haƙori a gaba, in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Motarsu ta lalace, ya yi 'yan kwanaki a ƙaramin ɗakin da ke kusa da randa. Baturiya ta lura ba ya fita cin abinci, sai dai ya sha ruwa ya kwanta. Da ta tambaye shi ya ce azumi yake.

"Azumin gidanku!" ta ce. "Wane azumi ne ake kurɓar ruwa da azahar?"

Daga ranar ta riƙa raba tuwonta biyu. Shi kuma ya riƙa ɗebo mata ruwa, yana taya ta matse zannuwa, yana cika baki. "Inna, in na dawo da zinariya rago zan saya miki, mai murɗaɗɗen ƙaho, wanda sai an cire ƙyauren zaure zai shigo."

"Ka dawo da ranka tukuna, sarkin surutu."

Ranar da motar ta gyaru, ta tashi tun Baturiya ba ta iso aiki ba. Ta shiga ɗakin ta tarar ya share, ya ninke zanen gado a karkace irin ninkin maza, a tsakiyar matashin kai kuma ga wani kwalin ganyen shayi da ya ƙare, an cusa 'yan ƙarfuna a ciki. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, ko tiyar gero ba za su saya ba. Amma ta tsaya da su a hannu har rana ta shigo ɗakin.

Da Bature ne da an gama magana. To Salisu Bahaushe ne, ɗan Tasawa, ya san kyauta a hannu ake ba da ita. Mantuwa ke nan? Yaron da ba shi da na tuwo ya shiga hamada ya bar ɗan guzurinsa a baya? In kuma kyauta ce, a gidan wa ya koyi wannan hali, kuma ita wa za ta gode wa? Ta ruga tasha, aka ce mata ai motar Jado ta yi nisa. Ta dawo tana haki, ta ƙulle kwalin a haɓar zanenta. Tun daga ranar, in ta sauya zane sai ta sauya wa ƙullin wuri.

Ta kai zancen wurin Malam Abdou, limamin masallacin unguwa. Ya ce abin mai sauƙi ne, ta yi cigiya har shekara, in mai shi bai ɓullo ba ta yi sadaka da su da sunansa. Ta yi cigiya, shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, sadaka shiru. Ba rowa ba ce, kowa ya sani. Labari na zuwa gari na motocin da suka ɓace a rairayi da mutanensu, ita kuma ta sa a ranta cewa ranar da ta kwance ƙullin nan ta bayar, ta yarda ke nan Salisu yana cikinsu. Wannan kam ba za ta yarda ba.

Haka zuwa tasha ya zame mata al'ada. In ta gama wanki da la'asar sai ta ja takalminta zuwa inda manyan motocin hamada ke lodi, ta zauna a kan bencin wani mai shayi da ya kafa tebur a can bayan 'yan shekaru. Ɗan Lami ake ce masa, ƙaton mutum mai gemu, kullum da rawani da amawali ya rufe baki kamar mutanen gari, magana kuwa sai ta kama dole. Bai taɓa karɓar kuɗinta ba. Ta yi faɗa har ta gaji, amma tunda a hannu yake miƙa mata kofin, sai ta gode ta sha. Daga kan bencin nan take tare kowane direba da kowane mai saukowa da ƙura a gira. "Kai ɗan nan, ba ka ga wani Salisu na Tasawa ba, mai karyayyen haƙori?"

Ka san bakin mutanen tasha. Kafin ka ce me, 'yan ƙarfunan nan sun zama dunƙulen zinariya da wani mahaƙi ya ba tsohuwa ajiya. Sai Salisu-Salisu suka yi ta ɓullowa. Aka yi Salisu mai furfura wanda ya girme ta. Aka yi Salisun da Hausarsa ma Zabarmanci ya cinye rabinta. Wani shaƙiyyi har gawayi ya shafa wa haƙorinsa ya zo yana yaƙe. Ita tambayarta ɗaya ce.

"Mi ka bari?"

"Zinariya, Inna, kamar ƙwan kaza."

"Tashi ka ba ni wuri, ja'iri! Ka je ka wanke bakinka."

Tasha ta kwashe da dariya, ita ma ta yi, don Baturiya ba ta ƙin raha ko da a kanta ake yi. Ɗan Lami ne kawai ba ya dariya. In an fara wannan zance sai ya juya baya ya kama fifita wuta kamar zai tashi garwashin sama.

Ana nan, gwiwa ta fara ba Baturiya labari. Ramata, wadda ke aure a Anou Araren inda mijinta ke aiki a tashar wuta, ta kafe sai uwar ta bar tsintsiya ta zo ta huta cikin jikoki. Aka sha rigima ta waya, Baturiya ta ce ita da ƙarfinta, Ramata ta ce to ta durƙusa ta tashi ba ta dafa bango ba a gani. A ƙarshe tsohuwa ta sakko, har ta fara murna a ɓoye, tana ta haɗa wa yaran dabino. Abu ɗaya ya tsaya mata a wuya, ƙullin nan. In ta tafi da shi, Salisu ya zo masauki bai same ta ba fa? Ta bar wa Illo? Illon da ke neman hularsa tana bisa kansa? Ta juya abin ta sake juyawa, ta ga hanya ɗaya ce ta rage, wadda ta daɗe tana gudu. Ta aika wa Malam Abdou ya shirya ran Juma'a. Ranar da ta aika ba ta iya cin abincin rana ba, don baƙin ciki.

Ran Alhamis da la'asar ta je tasha. Bencin cike yake da direbobi da 'yan kamasho, suka matsa mata wuri.

"Ɗan Lami, zuba mini na ban kwana," in ji ta. "Jibi Ramata za ta ɗauke ni."

Ya ɗaga buta yana tsiyayo shayin daga sama.

Ta shafa ƙullin. "Gobe zan sayi masa da su in raba a ƙofar masallaci, Malam Abdou ya yi wa yaron nan addu'a. Na gaji da yi wa kaina ƙarya. Da yana da rai da ya zo, ko don ya ci tuwo." Ta ja hanci. "Allah Ya jiƙan Salisu, Ya sa ya huta."

Mutanen benci suka shafa fuska gaba ɗaya. "Amin."

Sai ga shayi yana kwarara a kan tebur, ya wuce kofi ya nufi burodi.

"Ba amin ba!" Ɗan Lami ya daka tsawa, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. "Kada wanda ya ƙara cewa amin! Inna, don girman Allah kar a yi mini sadakar mutuwa. Ban mutu ba!"

Ya sa hannu ya ja amawalin ƙasa. Cikin gemun nan, ga karyayyen haƙori yana leƙe.

Baturiya ta dube shi daga rawani har ƙafa, ta dubi tumbin, ta dubi kafaɗun. Amma ba ta saki ƙa'idarta ba.

"Mi ka bari?"

"Canji ne, Inna, cikin kwalin ganyen shayi. Na share ɗakin, na ninke zanen gado."

"A karkace," in ji ta a hankali.

Daga nan ta sunkuya, gwiwar da ake cewa ta mutu ta lanƙwashe lafiya lau, ta ciro takalminta. Jama'a, a ranar an ga ƙato yana zagaya teburin shayi tsohuwa na binsa. "Ɗan banza! Mugu! Shekara da shekaru ina zaune a gabanka ina kiran sunanka, kai kana fifita wuta! Na tambayi Buzaye, na tambayi Tubawa, na tambayi har wanda ya shafa gawayi, ashe kana nan kana yin ƙiba!" Tana duka tana kuka tana dariya, duk a lokaci guda. Direbobi suka faɗo daga benci don dariya, ba wanda ya yi niyyar rabawa.

Da ta gaji ta zauna tana haki, shi kuma ya tsuguna a gabanta ya faɗi abin da ya faru. Jado ba ta yi da shi ba, ya fito daga shi sai rigar jikinsa. Ya iso Agadez ya tsaya a bakin lungun masauki, ya tuna ragon da ya yi wa alkawarin cire ƙyaure, ƙafarsa ta ƙi shiga. Ya ce bari ya tara kuɗin ragon tukuna. In sun fara taruwa sai aure ya cinye, in sun sake taruwa sai suna, sai ciwon tsohuwarsa a Tasawa. Ranar da ta fara zama a bencinsa ya so ya yi magana, kunya ta shaƙe shi, kuma kullum aka ƙara kwana sai bakin ya ƙara nauyi. Ɗan Lami kuwa sunan gida ne, ran Alhamis aka haife shi.

"Ni na ce maka rago nake jira?" ta ce. "Mi na ce ka dawo da shi?"

Ya sunkuyar da kai. "Da raina."

"To ba ga shi ba, har da ƙari a gaba?" Ta zunguri tumbin da takalmi. Sannan ta gyara zama, fuskarta ta natsu. "Yanzu ka faɗa mini gaskiya, gaban jama'a. Kyauta ce ko mantuwa?"

Har mai facin taya na gefe ya aje gudumarsa yana saurare.

"Kyauta ce, Inna. Abin ne bai kai a sa wa babba a hannu ba, na ji kunya. Wani direba ya ce mini a otel kan matashin kai ake ajewa."

"Allah Ya shirya direban nan, shi da Turawan Illo!"

Ta jawo haɓar zanen. Ƙullin ya ƙi hannu, sai da ta sa haƙori. Kwalin ya fito ya yi laushi ya koɗe, rubutun jikinsa duk ya goge. Ta kama hannun Salisu ta danƙa masa.

"Karɓi abinka."

Idonsa ya cika da ƙwalla, ya zaci mayar masa ta yi. "Haba Inna..."

"Yi mini shiru. Yanzu ka ba ni yadda aka koya maka a gidanku."

Ƙaton nan ya gyara rawani, ya kai gwiwa ƙasa, ya tallabo kwalin da hannu biyu. "Inna, ga wannan, ba yawa."

Baturiya ta goge tafukanta a zane, ta karɓa da hannu biyu. Sannan ta buɗe baki. "Na gode, Salisu. Na gode, ɗan albarka. Allah Ya saka da alheri, Ya buɗa maka, Ya raya maka zuriya, Ya ba tsohuwarka lafiya, Ya sa teburin nan ya zama kanti. Yadda ka tuna da ni kana cikin babu, Allah Ya tuna da kai." Wannan karon da aka ce amin, shi ya fi kowa ɗaga murya. Ta ci gaba, ta sa wa matarsa albarka, ta sa wa butar shayinsa, ta sa wa haƙorin da ya rage. Aka kira magariba tana yi.

"Ya isa, Inna," in ji shi, yana share ido da bakin rawani. "Don Allah ya isa."

"Bai isa ba," ta ce. "Tun ranar da ka tafi nake riƙe da ita. Zauna ka ji sauran."

Washegari Malam Abdou ya iso masauki da carbinsa zai yi wa mamaci addu'a, ya tarar da mamacin a tsakar gida yana zuba wa jama'a shayi. Baturiya ta sayi masar dai da 'yan ƙarfunan, ba ta fasa ba. Ta zauna a bakin randa ta cinye abinta ita kaɗai, ko Illo ba ta sam wa ba.